Wa Ake Rufe wa Hanya a Garwa?

A garinmu Garwa, a arewacin Kamaru, in aka ga magidanci da furfura yana gudu a bakin titi, tambayar farko ita ce: “Malam, lafiya?” An daɗe ana cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, to wanda ke gudu ba abin da ya koro shi sai a ɗauka kansa ne ya taɓu. A nan Faris kuwa, ranar wata Lahadi cikin watan Afrilu, mutum sama da dubu 50 ke biyan kuɗi don su yi gudun kilomita 42 da mita 195, daga titin Champs-Élysées zuwa Avenue Foch. Tun 1976 ake wannan gudun fanfalaki. Na shiga, na kuma gama can cikin 'yan baya-baya.

Kada wani ya ce ƙarfi suka fi mu. Makiyayin da ke kora shanu daga Adamawa zuwa kwarin Binuwai, da matar da ke ɗauko ruwa a ƙauyukan Mandara, ba wanda zai koya musu juriya. A Buea ma tun 1973 ake tseren hawa Dutsen Kamaru, kuma Sarah Etonge ta lashe na mata har sau 7. Jiki muna da shi.

Abin da Faris ta fi mu shi ne wanda take rufe wa hanya. A gida an san masu wannan gata: gwamna in zai wuce, faretin ranar ƙasa ta 20 ga Mayu, dawakan Lamiɗo ranar sallah, sai baƙin gasar ƙwallon Afirka da suka cika filin Rumde Ajiya a 2022. Nan ko, ana tsayar da motoci a tsakiyar birni wajen awa 6 saboda mai gadi da malamar asibiti da tsohon da ya yi ritaya. Zakarun Habasha da Kenya suna gamawa cikin awa 2 da 'yan mintoci, su je su yi wanka, amma ba a kwashe teburan ruwa ba. Duk bayan kilomita 5 akwai ruwa da ayaba da lemo. An jera mutane rukuni-rukuni gwargwadon saurinsu, ga wasu masu tuta a gadon bayansu da za ka bi in kana son gamawa cikin awa 4 ko 5.

Wajen kilomita 30, a gefen kogin Seine, nan ake gane ma'anar wannan. Sukarin da jiki ya tara ya ƙare, cinya ta yi nauyi, zuciya na ce maka zauna. Sunanka na rubuce a takardar da ke ƙirjinka, sai ka ji wata tsohuwar da ba ta san daga inda ka fito ba tana kiransa, tana karya shi yadda ta ga dama. A gida kowa ya san sunanka da na kakanka, amma da wuya a tafa maka don ka zo na dubu 40. Mu na ɗaya kawai muke yi wa guɗa.

Sai dai ba komai nasu nake sha'awa ba. Kuɗin rajista ya haura yuro 100, wato sama da sefa 65,000, ban da takalmi. Wannan ai albashin wani ne na wata guda. Ga agogon hannu masu tsada da kowa ke kallo kamar shi ke yi masa gudun. Kuma ba da mu aka tsara ranar ba: a 2023 da 2024 duk cikin azumi gudun ya faɗo.

Shi ya sa nake jin haushi in na ji 'yan'uwa mazauna waje na cewa a kwaso irin na Turai a kai gida yadda yake. Afrilun Faris sanyi ne mai daɗi, Afrilun Garwa kuwa zafi na wuce digiri 40, kwalta har laushi take yi. Wanda ya sa mutane gudun kilomita 42 a lokacin, gawa yake nema. Namu sai Disamba ko Janairu, cikin hunturu, a tashi da an idar da sallar asuba, a fara da kilomita 10, kuɗin shiga kada ya fi na cin abincin rana. Dattawan da ke buga ƙwallon ƙarshen mako su za a fara jawowa, don in Alhaji ya fito da wandon gudu bakin masu tsegumi ya mutu. Mata su sa dogon wando da hijabi, a ba su rukuninsu. 'Yan moto kuwa, tun da wuri a zauna da shugabanninsu, in ba haka ba ko minti 10 hanyar ba za ta rufu ba.

Hawan jini da ciwon suga sun shiga gidajenmu, kowa na da kawu ko gwaggo da ke shan magani kullum. Da na kawo wa yayana maganar a waya, sai ya yi dariya ya ce, “Kai dai Turai ta ɓata ka.” Shi ne kuma likita ya umarta ya riƙa tattaki kowace safiya, yana yi a ɓoye cikin tsakar gida don kada maƙwabta su gani.