Wasa 10 kacal, wani har ya haƙa wa yaro kabari

Wasa 10 yaro ya buga a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, amma wani gwanin sharhi har ya yi masa wanka ya sa shi a likkafani. Wai ba shi da hannu, wai zubar da ƙwallo ce sana'arsa, wai ƙungiyar ta yi asara da ta zaɓe shi cikin sabbin shiga. Gwanin nan kuwa shi ne bara ya naɗa wa wani sabon shiga rawani saboda guntun bidiyo na daƙiƙa 40, yau ko sunan ba ya so a tuna masa. Ba a kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

A gurabe 5 na ƙwallon kwando, babu mai jinkirin nuna kamar lamba 1, mai raba ƙwallo, gurbin da yaron nan yake bugawa. Dogo yana iya cin gajiyar tsayinsa tun daren farko: ya tsaya gindin kwando, ya tare, ya cafe. Shi kuwa lamba 1 sai ya haddace tsarin koci, ya san inda kowane abokin wasa yake son ƙwallo ta same shi, idonsa na kan mutum 9 lokaci guda. In daga jami'ar Amurka ya fito, agogon hari, wato lokacin da aka ba ƙungiya ta yi jifa, ya ragu daga daƙiƙa 30 zuwa 24, tsallake tsakiyar fili daga 10 zuwa 8, layin maki 3 ya matsa daga mita 6.75 zuwa 7.24, wasan minti 40 ya koma 48, kakar wasa 30 da 'yan kai ta koma 82. Kafar da ya saba zura fasin ta cikinta bara, bana kafin ƙwallo ta isa dogon hannu ya toshe ta.

Sai batun jifa, inda su wane suka fi ɗaga murya. Mu ce yaro ya yi jifan maki 3 sau 40, 10 suka shiga: kashi 25 ke nan, abin kunya a takarda. Da guda 4 daga cikin waɗanda suka lashi bakin zobe suka fito sun faɗa ciki, da kashi 35 ake magana, da gwaninmu yana can yana rera waƙa. Ƙwallo 4 ce tsakanin kabari da rawani. Mai son sanin hannun yaro ya duba jifansa na kyauta daga layi. In yana kai kashi 80 ko fiye, hannun na nan, ƙafa da numfashi ne ba su saba ba tukuna. Ya kuma raba jifan gida biyu: wanda aka miƙo masa yana tsaye, da wanda ya taso da shi da gudu agogo saura daƙiƙa 2 don kowa ya guje wa ƙwallon. Na biyun ba laifinsa ba ne, amma a takarda sunansa aka rubuta.

Zubar da ƙwallo ma iri-iri ce, sai dai wanda bai zauna ya kalli wasa ba duk ɗaya ce a wurinsa. Akwai wadda yaro ya hango mutum a kusurwa shi kaɗai, ya aika, ta makara da rabin daƙiƙa aka tsinke ta. Wannan koci ba ya jin zafinta sosai, don ido ya gani, lokaci ne ya rage a gyara. Akwai kuma wadda aka matse shi ya bar buga ƙwallo da ƙasa tun bai san wa zai ba ba, ko ya yi tsalle sama sannan ya fara neman mai karɓa, ko aka tura shi hagu hannu ya ƙi. Waɗannan su ne abin damuwa in Fabrairu ta zo suna nan.

Babban ma'auni shi ne fik-an-rol, lokacin da dogo ya zo ya yi masa shinge sannan ya gangara kwando. A kalli mai tsaron yaron. In ta bayan shingen yake zagayawa, ya raina jifansa ne, kuma za a ci gaba da raina shi har sai ya tsaya nan ya hukunta su sau biyu ko uku a jere. In dogon abokan hamayya ya ja da baya ya tsare kwando, tsakiya ta buɗe, can ake son ɗan jifan nan mai lilo ta saman kai. In mutum biyu suka rufar masa, ƙwallo ta bar hannunsa nan take, don a bayansu an koma 4 da 3. Sannan a lura ko yana jira shinge ya kafu kafin ya motsa. Sabbin shiga sukan yi gaggawa, su tashi dogo bai gama tsayawa ba, alƙalin wasa ya busa wa dogon laifi. A takarda dogo ne ya yi keta, a bidiyo yaro ne ya jawo.

Kar a manta kuma, ƙungiyar da ta sha kashi bara ita ta fi samun zaɓen sahun gaba cikin sabbin shiga, ke nan cikin raunanan abokan wasa yaro zai faɗa. Yaro zai ajiye wa mutum ƙwallo a hannu, fili fetal, ya jefa ta bugi ƙarfe. Ba za a rubuta masa taimako ba, wato fasin da aka ci maki da shi. Shi ya sa masu bin diddigi suke ƙirga fasin da ya haifar da jifa, ya shiga ko bai shiga ba.

Da gwaninmu yana kan aiki a 1996, da ya binne Steve Nash, shi ma lamba 1, wanda ya kammala shekararsa ta farko a Phoenix da maki 3.3 a wasa, sannan ya zama gwarzon gasar a 2005 da 2006. Da ya ce John Stockton ɗan benci ne, don sai a kakarsa ta 4 ya mallaki gurbin farawa a Utah, ga shi har yau ba a kamo taimakonsa 15,806 ba. Da kuma yana nan daren da Michael Carter-Williams ya fara wasa a ƙungiyar Philadelphia a Oktoban 2013, ya zuba wa Miami mai riƙe da kofi maki 22, taimako 12, ƙwace 9, ai da makogwaro ya dushe. Ya ci kyautar gwarzon sabbin shiga a 2014, Philadelphia ta tura shi Milwaukee a Fabrairun 2015, jifan nesa kuwa bai taɓa zama ba. Kallon kitse aka yi wa rogo.

Yanzu wajen Janairu ake jira, lokacin da yaro zai wuce yawan wasannin da ya taɓa bugawa a kaka guda, ƙafa ta yi nauyi, kowace ƙungiya ta tara bidiyonsa ta san hannun da ba ya so. A nan za a ga ko kuskuren Nuwamba ne yake maimaitawa ko ya sami sabo. Kafin nan, masu hali su ɗauki hoton rubutun wane su ajiye, don yatsansa ya fi fasin yaron sauri wajen gogewa.