Allura ta sauka, na ce mota ta warke

Mako uku ina ganin ɗigon koren ruwa a inda nake ajiye mota, kullum sai in ce gobe. 'Yar robar nan ta gefen lagireto mai layin MIN da MAX kuwa, rabona da leƙa ta tun ranar da na sayi motar. To ran nan na ɗauko Kawu zan kai shi unguwa. Kafin ya shiga ya bubbuga bonet da tafin hannu, ya ce, "Ka duba ruwa?" Na ce, "Kawu, motocin yanzu ba irin naku na da ba ne, su da kansu suke faɗa wa mutum abin da ke damunsu." Kun dai san Kawu. Ya gyara zama, ya ɗaura bel.

Kuma ta faɗa ɗin, ba zan yi mata sharri ba. Allurar zafi da kullum take tsakiya ta fara hawa. Na ɗan karkata, na kare ta da hannu kada Kawu ya gani. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar, na ce daga waje ne. Na ƙara wuta, wai iska ta fifita injin. Allura ta kai ja, ta ɗan jima a can, sai kawai ta fara saukowa da kanta. Na janye hannu da fara'ata na ce, "Ka gani ko, Kawu? Ta yi zafi, ta gyara kanta."

Sai daga baya bakanike ya fassara mini wannan warakar. Na'urar da ke auna zafin a cikin ruwa take zaune. Idan ruwa ya ja baya ya bar ta a fili, iska kawai take aunawa, allura ta sauka alhali ƙarfe yana gasuwa. Wato a daidai lokacin da nake yi wa Kawu lacca, injina ne ke ƙonewa.

Ba mu ƙara minti biyar ba mota ta fara ƙas-ƙas-ƙas, ƙarfinta ya tafi, ta mutu. Na gangara gefen titi, na buɗe bonet, na riƙe ƙugu irin na wanda ya san abin da yake kallo. Mutane suka taru. A cikinsu akwai wani siririn mutum riƙe da lema a naɗe, ranar da ko gajimare ɗaya babu a sama.

Na ɗauko tsumman goge gilashi na nufi murfin lagireto. Mai lema ya ce, "Alhaji, da an ba ta ko minti 30 ta huce." Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Malam, shekara 12 ina tuƙi." Bai ja da ni ba. Ya ja da baya taku uku, ya buɗe lemarsa.

Wallahi na ga ya buɗe ta. Wannan ne yake hana ni barci. Na murza murfin ya ɗan saki, ya yi tsssss, kuma duk mai hankali a nan zai tsaya. Hannuna ma ya tsaya. Amma na ɗago kai muka haɗa ido da mai lema, yana leƙe ta ƙarƙashinta kamar mai jiran a fara wasa, sai zuciya ta ce idan ka fasa yanzu ya ci ka. Na ƙarasa murzawa.

Yanzu da na yi karatun da aljihuna, na san murfin nan matsi yake riƙewa, shi ya sa ruwan ciki kan kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Da ka sake shi, ɗan abin da ya rage zai tafasa nan take, ya fito neman fuskarka. Murfi ya yi sama. Ni kuma na yi gabas. Na tsallake kwata da takalmi ƙafa ɗaya, kuma abin da ya fito daga bakina, ni mai 'ya'ya huɗu, shi ne "Wayyo Inna!" Da ƙarfi, har da jan ƙarshen. Allah ya tsare, ɗan wuyan hannu kawai na ƙone, sai farar rigata da ta koma kalar tsatsa. Da na waiwayo, Kawu yana ɗaga gilashin ɓangarensa a hankali. Mai lema ya kakkaɓe lemarsa, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Na dawo da ɗingishi na karɓi galan ɗin ruwan sanyi zan juye. A nan ne Kawu ya sauke gilashi ya ce, "Ɗana, ajiye." Ashe ruwan sanyi a kan ƙarfe mai wannan zafi yana iya tsaga shi. Sai na ji mai lema daga baya yana cewa, "Ai na so in faɗa, to na ga shekara 12 yana tuƙi."

Ni fa har yau ban san me na tsare wa mutumin nan ba. Ba shi da wurin zuwa ne? Awa guda muna jiran inji ya huce, awa guda yana tsaye. Duk wanda ya iso sai ya tare shi ya ba shi labari daga farko, ya nuna inda murfi ya bi, ya nuna inda na bi, sannan ya siranta murya ya yi "Wayyo Inna." Ni ban siranta murya ba. Kuma ya ce sai a turken lantarki na biyu na tsaya, alhali na farko ne, akwai shaidu. Wani yaro ya kawo mini takalmina, shi ma sai da mai lema ya karɓa ya miƙo mini da hannu biyu.

Da ta huce muka zuba ruwa, muka toshe bakin da tsumma, na tayar. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, na cire tsumman na ga ruwa yana ta kumfa. Sai janwe.

A gareji bakanike ya zaro sandar auna baƙin mai, ya nuna mini ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya haɗu da mai. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone. Da ya kwance kan injin, wanda na alminiyom ne, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa ya zura wata siririyar reza ta ƙarƙashi, ta wuce salin-alin. Ya lanƙwashe ke nan, sai an kai an daidaita shi. Ya ce da na ƙara tafiya kaɗan fistin zai kumbura ya cije, inji ya buga gaba ɗaya. Sannan ya kawo mini asalin mai laifin a tafin hannu: tiyo ne ya tsage a bakin maɗaurinsa, tsagar ba ta kai tsawon farce ba.

Kwana tara ke nan motar tana can. Kawu yana kira kowace safiya, mu gaisa, ya tambayi yara, kafin ya kashe ya ce, "Ka duba ruwa?" Murfin kuma ba a gan shi ba har yau. Ban ce wani ya ɗauka ba, amma na san wanda ya fi kowa sanin inda ya faɗa.