Ranar da caji ya ƙare min a Landan

Talatar da ta wuce wayata ta mutu a hannuna ina tsaye a tashar bas, can kudancin Landan, wajen ƙarfe biyar saura kwata na yamma. Wanda bai taɓa yin watan Disamba a ƙasar nan ba zai ce ai da sauran rana. Ina! Tun kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, an yi magariba, gari ya yi duhu kamar bayan lisha a gida, ga wani yayyafi marar ƙarfi da ba ya cika kwata amma sai ya ratsa rigar sanyi ya taɓa ƙashi. Daga aiki na taso. Na manta ban sa caji da daddare ba, wannan kam laifina ne.

Abin da ya sa mutuwar waya ta zama musiba a nan shi ne, tun 2014 bas-bas ɗin Landan suka daina karɓar kuɗi a hannu. Direba yana zaune cikin wani keji na gilashi, a gefensa akwai ɗan faifai ruwan ɗorawa, nan za ka kara katinka ko wayarka, ya yi ƙara, ka wuce ka zauna. Babu kwandasta, balle ka ce ya yi haƙuri in an isa tasha ka ba shi. Akwai takardar fam goma a aljihuna, amma a wurin nan ba ta fi ganyen darbejiya amfani ba. Katin banki kuwa na daɗe da daina fita da shi, tunda komai ya koma cikin waya: kuɗin mota, taswirar hanya, jadawalin aiki, har Alƙur'anin da nake karantawa a jirgi. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Minti ɗaya, in kira maiɗakina, wadda lambarta kaɗai na haddace, ta zo min da kati.

Mutum uku na tambaya. Na farko magidanci ne da jakar ofis, ya zare abin sauraro daga kunne ɗaya, ya bari na gama, ya yi min yaƙen nan nasu, ya ba ni haƙuri, ya mayar da abinsa kunne. Ta biyu dattijuwa ce, ta ce ita ma cajinta ya kusa ƙarewa. Ta ukun ce ta tsaya min a rai. Yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar 'yar ƙanwata ba. Ko rufe baki ban yi ba ta ja da baya taku biyu, ta cusa wayar cikin rigarta ta danne da hannu biyu. Ni, da furfura a gemu, da katin wurin aiki rataye a wuya.

Na tuna a kan kwana akwai irin jan akwatin wayar nan da ake bugawa a hotunan Landan. Na je na buɗe, sai ga littattafai a jere. Ashe da yawansu an daɗe da cire musu waya, an sallama wa unguwanni a kan fam ɗaya, wasu suka mayar da su wurin musayar littafi, wasu suka sa na'urar farfaɗo da zuciya. Daga ƙarshe wani mai shago ne ya jona min a bayan kanta, bayan na sayi ruwan da ba na jin ƙishirwarsa.

Duk hanyar komawa gida, ƙauyenmu nake tunani, can tsakanin Gumel da Maigatari. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, lokacin da layi kaɗai ya fi ragon layya tsada, mu kuwa sai bayan shekaru sabis ya leƙo mu, shi ma sai ka hau jigawar bayan gari, wani sa'in ma na Nijar za ka kamo. Waya ɗaya ce a garin, ta wani malamin firamare, kuma ban taɓa jin ya hana kowa ba. Ɗan cirani ya kira daga Legas, a tashi yaro da gudu ya ce wance ta zo, a ba ta ta shiga zaure ta yi maganarta, mu muna waje muna jin rabi. Wayar nan ta isar da haihuwa, ta isar da rasuwa, an yi cinikin shanu da ita ranar Alhamis. Yadda ake aron turmi da tsani haka ake aronta. Har gobe kuma abin bai canja ba, ku da kuke gida kun fi ni sani. Mutum zai ajiye wayarsa a rumfar mai caji, a manna mata lamba, ya wuce gona ko waiwaye babu. Baƙo ya sauka ya ce a ara masa waya, kafin ya rufe baki an miƙo uku, har da mai ce masa, "Kira kawai, akwai kati."

Na san abin da za a ce min, maiɗakina ma ta faɗa a daren. A Landan ana fizgen waya, dubun-dubata a shekara, samari a kan keke mai lantarki fuska a rufe su wafce kana tsaka da magana. Kuma wayar Bature asusunsa ce, ka ce ya ara maka kamar ka ce ya miƙo lalitarsa ne. Yarinya ita kaɗai cikin duhu, ga baƙon namiji, me ake so ta yi? Duk na yarda. Ban kuma manta da ƙwacen waya a Kano ba, inda ba a fizge ake tsayawa ba, wuƙa ake zarewa, an rasa rayuka a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun gero ba. Laifi tudu ne. Amma fa a Kanon da ake ƙwacen, in wayarka ta mutu a tashar 'Yankaba, ba za ka tambayi mutum uku ka rasa ba. Mai tsoron ma zai ce faɗi lambar, ya kira da kansa, ya riƙe wayar gam ya kara maka a kunne. Wannan dabarar ba ta zo wa ko ɗaya cikin ukun nan ba, don ba hanyar taimako suke nema ba, hanyar rabuwa da ni suke nema.

Cikin shekara shida da na yi a nan na lura duk na'urar da ta shigo hannunsu sai ta koma ƙyaure. Ga talabijin nan. Sai ka biya lasisi kafin ka kalli abin da ake watsawa kai tsaye, fam 174.50 a shekara a farashin 2025, kuɗin da ake tafiyar da BBC da shi. Duk sanda na biya sai in lallashi kaina da cewa a ciki ake biya wa Baffa labaran safe a rediyonsa. In ba ka biya ba wasiƙu su yi ta zuwa ana cewa za a turo jami'i. Kowane gida da lasisinsa, kowane gida labule a sauke. In na dawo da daddare nakan ɗaga kai in kalli benen da muke ciki, hawa goma sha biyu, tagogi suna ta walƙiya da shuɗin haske, wataƙila rabinsu abu ɗaya suke kallo, kuma na ƙofa da ƙofa bai san sunan ɗan'uwansa ba.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa da safe, ya haura tamanin. Talabijin ɗinsa ba ya mutuwa daga wayewar gari har ya kwanta: gasar tambayoyi, gasar girki, masu gyaran tsofaffin gidaje, masu gwanjon tarkacen kaka da kakanni, sai labarai, sai a sake zagayowa. Ba kallo yake ba, yawanci ma gyangyaɗi yake a kujera. Ran da na kashe don in ji abin da yake faɗa, cewa ya yi in kunna, gidan ya yi shiru da yawa. 'Yarsa gari ɗaya suke, takan kira shi ta bidiyo ranar Lahadi. Gidansa da ɗumi, magani a kan kari, fansho ba ya makara, in ya faɗi akwai maɓalli a wuyansa da zai danna a kawo masa ɗauki. Tsohon ƙauyenmu bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ba su da amfani ba. Amma ƙasar da a 2018 sai da ta ɗora wa minista guda alhakin matsalar kaɗaici, ita ma ta san da abin da ya kuɓuce mata.

Mu talabijin waje ake fito da shi. Wanda na fara gani baƙi da fari ne, da batirin mota, a ƙofar gidan dagaci, an ɗaura eriya a kan dogon gora ana juyawa har a kamo Kano. Yara a ƙasa, manya a benci, mai rake da mai gyaɗa sun kafa. Yanzu gidan kallo ya gaje shi. Ga ma abin dariya: a Ingila ƙa'idar masu ƙwallo ta hana nuna wasa kai tsaye ranar Asabar daga 2:45 zuwa 5:15 na yamma, tun shekarun 1960, wai don kada a daina zuwa filayen ƙananan kulob. Saboda haka wasan da ake bugawa mil kaɗan daga ɗakina ni ba ni da halin gani, amma ƙanena yana kan benci a rumfar zana a Jigawa, janareta na kuka, yana kallonsa tar. Shi ke kirana ya ce, "Yaya, an zura muku na biyu," ina jiyo ihun mutum hamsin a bayansa. Kuɗin tikitin shiga filin kuwa, kada ma a tayar da zancen.

Ba wai ban san ɓarnar da waya da kallo suka yi mana ba. Na ga ana kiran la'asar gidan kallo bai motsa ba. Na ga abokai sun yi gaba a kan Madrid da Barcelona, garuruwan da ba za su iya nunawa a taswira ba. Masu tura fina-finai a mamori ba sa tambayar shekarun yaro. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kallo da na caji suka tashi, a 2025 aka yi ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, amma yaro zai hana cikinsa ya sayi data. Duk haka ne. Sai dai ko lalacewar tamu cikin jama'a ake yin ta: waya ɗaya, kai biyar a kanta, wani babba ya zo wucewa ya daka tsawa a watse. Ɗana na nan shekararsa tara, yana ɗaki ya turo ƙofa, da allon gilashinsa a cinya da abin sauraro a kunne. Babu mai wucewa.

Ranar Juma'a nake kiran Inna. Bara na aika mata babbar waya mai hoto, ko kwana arba'in ba ta yi ba ta koma hannun jikanta, wai ita ba ta iya shafe-shafen nan ba. Ta koma kan 'yar rakani-kashinta, wadda take kashewa ta ƙulle a bakin zane kada caji ya ƙare. Don haka sai in kira ƙanena, ya shiga cikin gida ya buɗe murya, kowa ya taru. In ce, "Inna, kun wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya mutanen gidan? Ya sanyi?" Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba, balle a gaban surukai da jikoki ta ce ga inda ke mata ciwo. Sai matan gida su karɓa, sai yara, sai maƙwabciyar da ta shigo aron rariya ita ma a ba ta mu gaisa. Minti ashirin, na gaisa da mutum goma sha wani abu, mahaifiyata kuwa ko minti biyu ban samu da ita ba. Ciwon ƙafar da ya kwantar da ita da damina sai bayan ta miƙe na ji, a bakin wani ɗan garinmu da ke Kano.

Kada wani ya ce to ga aibin wayar taron da nake ta yabo. Ko ita kaɗai ce a ɗaki ba za ta faɗa ba. Irin wannan ba a jin sa a waya, sai dai ka yi sallama ka ga yadda take dafa bango kafin ta tashi daga tabarma. Da aka ce zumunta a ƙafa take ba a san za a yi data ba, amma har yanzu ban ga an ƙaryata ba. Shekara uku rabona da gida.

In na miƙa wa ɗana wayar ya gaida kakarsa, sai ya ce "ina wuni", ya kalle ni, Hausar ta ƙare. Ita kuma ta yi ta jan sa da wasa, tana kiransa maigidanta, tana cewa yaushe zai aiko da kuɗin cefane ko ta nemi wani mijin. Gidan duk ya ɗauki dariya, shi kuwa yana riƙe da wayar nesa da kunne yana jira in karɓa.

Juma'ar nan na ba su labarin tashar bas. Ƙanena ya yi ta ƙyaƙyata dariya, wai in dawo ya ara min tasa, har da caja. Matan gida suna ta salati, suna cewa wannan wace irin ƙasa ce. Inna ba ta ce komai ba har aka lafa, sannan na ji ta ce wa ƙanena, "Tambaye shi, da ya koma gida ya samu abin da ya ci kuwa?" Na ce na ci. Ta ce madalla, sai na ji wayar ta wuce hannun maƙwabciya.