Bikin Notting Hill ba zai bar unguwarsa ba

Kusan duk shekara, da zarar an tashi daga bikin Carnival, wato bikin kiɗa da rawa na 'yan Karebiyan a kan titunan unguwar Notting Hill, a ƙarshen Agusta, sai wasu 'yan siyasa da marubuta a Landan su farfaɗo da tsohuwar maganarsu: a kwashe bikin daga titunan unguwar, a kai shi Hyde Park, babban filin shaƙatawa na birnin, a zagaye da shinge, a sayar da tikiti. Hujjarsu tsaro, da wai kwanciyar hankalin mazauna kyawawan gidajen nan na zamanin Sarauniya Victoria. An rasa rayuka biyu a bikin 2024, kuma abin baƙin ciki ne, amma wannan matsala ce ta tsarin tsaro, ba dalilin raba biki da mahaifarsa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda masu wannan kira ke magana kamar tun fil'azal unguwar ta attajirai ce, bikin ne baƙo. Tarihi bai ce haka ba.

Gaskiya ne iyalan Ladbroke, masu mallakar ƙasar wurin, sun fara yanka filayensu tun shekarun 1820 da nufin jawo masu hali. Har filin sukuwa aka buɗe a 1837, wanda ya durƙushe a 1842 saboda ƙasar wurin yumɓu ce, dawakai ba sa iya gudu idan an yi ruwa. A gurbinsa aka jera dogayen gidaje masu lambuna na haɗaka a bayansu. To amma daf da su akwai unguwar masu toya bulo da masu kiwon aladu, ɗaya daga cikin mafi ƙazantar matsugunan Landan a lokacin. Talaka yana wurin tun farko.

Sannan masu kuɗin da aka gina wa gidajen su ne suka fara gudu. Da masu aikin gida suka yi wuya a ƙarni na 20, aka yayyanka manyan gidajen zuwa ɗakunan haya. Bayan jirgin ruwan Windrush ya iso da 'yan ci-rani daga Karebiyan a 1948, 'yan Karebiyan da aka hana haya a wasu unguwanni saboda launin fatarsu suka sauka a nan, a hannun masu gidaje irin su Peter Rachman, wanda sunansa ya zama lakabin zaluntar ɗan haya a Birtaniya. A 1958 gungun matasa farar fata suka kwashe dare da dama suna farautar baƙaƙe a titunan. A Mayun 1959 aka daɓa wa Kelso Cochrane, kafinta ɗan Antigua, wuƙa ya mutu, kuma har yau ba a hukunta kowa ba.

Daga cikin wannan raɗaɗi bikin ya fito. Claudia Jones, 'yar gwagwarmaya 'yar asalin Trinidad, ta shirya na farko a cikin zaure a Janairun 1959, Rhaune Laslett kuma, mai hidimar al'umma a unguwar, ta fitar da taro kan titi a 1966. Titunan da aka kori mutane da sanduna su ne titunan da jikokinsu ke rawa a kai yau. Wa zai ce ciyawar Hyde Park za ta ɗauki wannan ma'ana?

Attajiran da suka dawo daga baya, suka sayi gidajen suka yi musu fenti, sun tarar da ganguna suna tashi. Ba a ɓoye musu ba. Wanda ya sayi gida a bakin kasuwa ba ya kai ƙarar hayaniya.

Kuma idan lafiyar mazauna ce ta dame su da gaske, ina muryarsu take kafin Yunin 2017, lokacin da mazauna benen Grenfell, a cikin wannan gunduma ta Kensington da Chelsea, suke ta koke kan haɗarin gobara? Da gobarar ta tashi a benen, mutum 72 suka rasu. Masu bikin ne ke tsayar da kiɗa su yi shiru domin tunawa da su.

Abin da ya kamata shi ne gwamnati ta ba masu shirya bikin isasshen kuɗin ɗaukar jami'an kula da cunkoso, a gyara hanyoyin shiga da fita, gundumar kuma ta kare gidajen haya masu rahusa da suka rage a arewacin unguwar kafin 'yan kasuwar filaye su haɗiye su.