Hayaƙin da ake aunawa da wanda ba mai tambaya

Makon jiya da daddare wutar da ke ƙona rarar gas a wata masana'anta a nan Jubail, garin masana'antu a Saudiyya, ta yi ta fitar da baƙin hayaƙi na 'yan mintuna. Kafin azahar washegari sai da masana'antar ta rubuta wa hukuma bayani: tururin da ake fesa wa harshen wutar don gas ya ƙone sarai ne ya yi ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai, don a Sharada ko Challawa, unguwannin masana'antu na Kano, wa zai tambaya?

Hukumar Masarauta ta Jubail da Yanbu, wadda aka kafa a 1975, ba hana hayaƙi take yi ba. Izini take bayarwa, kowane bututu da iyakarsa, miligiram kaza a kowace kubik mita. Manyan bututu suna da na'ura mai awo dare da rana, kuma a nan aikin yake. Dole tiyon da ke ɗauko samfurin hayaƙin ya zauna da zafi, don in ya huce ruwa zai taru a ciki ya shanye iskar farar wuta, na'ura ta nuna ƙasa da gaskiya. Kullum ana gwada ta da gas ɗin da aka san adadinsa. Ana kuma daidaita lissafin da yawan oksijin, kashi 15 cikin ɗari a injin tabain (injin da gas ke juyawa), kada wani ya tura iska cikin bututu ya sirka hayaƙin ya ce ya bi doka. Buhun tace ƙura in ya yage, matsin iska ya faɗi, nan take a gani.

Ban ce iskar nan tsarkakakka ce ba. Izinin na bututu ɗaya ne, huhu kuwa duka yake shaƙa, ga guguwar ƙura daga sahara. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 na PM2.5, ƙura mai tsananin laushi, maikirogiram 5 ne a kowace kubik mita a matsakaicin shekara, kuma yankin nan ya wuce shi nesa. Ƙurar nan har cikin jini take shiga. Iskar farar wuta cikin mintuna take shaƙe mai asma, sinadarin benzin da ke cikin man fetur kuma na jawo sankarar jini.

Amma a nan an raba unguwannin zama da masana'antu tun daga zane. Mu fa a Najeriya? Muna da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007, dokoki na nan a takarda, sai dai gidaje sun riga sun rungume majemu da masana'antun roba, ga janareton dizal a kowane lungu, ga hazo a kai. Abin da ya fi ci mini rai, tsohuwa za ta shekara tana tari a Sharada, a ce sanyi ne, a dafa mata citta da kanumfari. Mu da ke nan mu tura kuɗin magani, ba wanda zai ce a kai ta a gwada ƙarfin huhunta, balle a tambayi abin da bututun bayan gidanta ke fitarwa.