Kafin a haɗiyi maganin sanyi ko na kyasbi

Jiya da la'asar ina tsaye a wani kemis a nan Anguwan Rogo, sai ga wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba. Ta miƙa wani kwalin magani da babu komai a ciki, ta ce, "Wai in ji Mama a ba ta irin wannan guda uku." Na leƙa kwalin, fluconazole ne. Yaron shagon ya ƙirga, ya sa a leda, ya ba ta canji. Bai tambayi me ke damun Maman ba, balle ko tana da juna biyu. Wallahi har na iso gida abin yana cin raina.

Wannan ƙwayar ce mata ke kira maganin sanyi, ana ta tura sunanta a WhatsApp, wannan ta sha ta ji daɗi, ta ce wa waccan ita ma ta saya. Tana aiki kam, idan ciwon na fangas ne. To amma ba kowane ƙaiƙayi da fitar ruwa ne fangas ba. Wani bakteriya ce ke kawo shi, wani wajen saduwa ake ɗauka, kuma ko kwali goma aka shanye ba za ta taɓa su ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu ciki. Tun 2011 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta yi gargaɗin cewa shan miligiram 400 zuwa 800 kullum a watanni ukun farko na iya jawo nakasa ga jariri. Ko ƙaramar ta 150 da aka saba sha sau ɗaya, an danganta ta da ƙarin haɗarin ɓari. Shi ya sa mai ciki akan ba ta na matsi, irin clotrimazole. Mace nawa ce ke sanin ta samu ciki a sati na biyar?

Ba a littafi kawai na ga illar irin waɗannan magunguna ba. Kawuna kyasbi ya fito masa a wuya da ƙirji, wani abokinsa ya rubuta masa ketoconazole na haɗiya a ’yar takarda. Ya yi kusan wata yana sha. Ranar da na je gaishe shi na tarar ya ture tuwon gefe, na ce, "Kawu, ɗago in ga idonka." Farin idon ya koma ruwan ɗorawa, ya ce fitsarinsa kamar shayi ba madara. Gida an ce shawara ce, har an haɗa jiƙo. Sai a asibiti gwaji ya nuna hanta ce ta taɓu, kuma ashe yana ɗauke da hepatitis B bai sani ba. Wannan ƙwayar tun 2013 Turai ta dakatar da ita a matsayin maganin fangas, Amurka ta taƙaita ta ƙwarai, duk saboda hanta. Alhali kyasbin nan man shafawa ko sabulun ruwa na maganin kan isar masa. Allah ya sa ya tashi, amma ya sha jinya.

Sai batun haɗa magunguna. Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide, idan ya ɗora fluconazole sugansa na iya faɗuwa ƙasa. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, in ya ɗora ta jini na iya ɓalle masa. Itraconazole, wani maganin fangas ɗin, bai dace da mai raunin zuciya ba. Griseofulvin da ake ba yara don makero yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, kuma an hana shi ga mai ciki. Ga yaran ma sai an yi sati 6 zuwa 8 ana sha, tare da abinci mai maiƙo kamar madara ko gyaɗa, amma mu da gashi ya fara tsirowa sai a ajiye kwalba.

Na san abin da ke sa a aiki yaro. Kunya ce, da kuɗin kati, da wuni guda a layi in za a je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo. Ba na raina wannan uzurin ko kaɗan. Amma ’yar’uwa, ko ba ki ga likita yau ba, ki je da ƙafarki wajen ƙwararren mai harhaɗa magunguna. Ki zuba duk abin da kike sha a leda ki tafi da shi, har jiƙo da tsimi. Ki faɗi ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe. In an taɓa ce miki kina da ciwon hanta, ki faɗa. In sanyin yana tafiya yana dawowa, a gwada sugarki, don sau da yawa ta nan ciwon suga ke fara nuna kansa.

Gobe in sha Allahu zan koma shagon nan in sami mai shi da kansa, mu yi magana a kan yaronsa.