Ku Gina Abin Da Zai Iya Ƙaura

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa masu gina shafukan intanet da manhajoji.

Musun da ya fi cin lokacinmu shi ne wane yaren rubuta manhaja ya fi. Wannan ya ce PHP ya tsufa, wancan ya ce Node.js ne na zamani, wani ya kawo Python, sai a raba dare ana ja-in-ja. Tambayar da ta fi damuna ba kasafai ake yin ta ba: aikin nan da ka gina wa mutane, idan gobe ta kama a ɗauke shi daga sabar da yake kai, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet, a mayar da shi wata, zai tashi kuwa?

Yawancinmu a kan Windows muka koyi aiki, da XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfutarka sabar gwaji. Ka sa wa fayil suna Dalibai.php, a cikin kod ka kira shi dalibai.php, komai ya tafi lafiya, domin Windows ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil. Ranar da ka ɗora aikin a kan sabar Linux, wadda mafi yawan masu ba da masaukin shafi ke amfani da ita, sai shafi ya fito fari fat. A wurin Linux waɗannan sunaye biyu ne daban. Haka sunayen tebur a MySQL, manhajar rumbun bayanai. Haka wanda ya rubuta C:\xampp\htdocs ɓaro-ɓaro a tsakiyar kod, hanyar da babu ita ko'ina sai a kwamfutarsa. Daga nan sai ka ji kalmar nan da ba na son ji daga bakin ɗan'uwa: "Ai a wajena yana aiki." Mai makarantar da ya biya ka ba kwamfutarka ya saya ba, shafin da iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu ya saya.

Akwai wata matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Kafin sigar 8.0, MySQL da tsarin baƙaƙe na latin1 yake zuwa idan ba ka sauya ba, kuma latin1 bai san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba, bai san alamar ₦ ba. Sai ka ga Ɗanladi da Ƙofar Mata sun koma alamar tambaya a takardar shaidar ɗalibi. In an riga an adana su a haka, baƙin ya tafi ke nan, sai an sake shigar da sunayen da hannu. Don Allah ku sa utf8mb4, tsarin da ya san baƙaƙenmu duka, tun ranar farko, a rumbun bayanai, a haɗin da ke tsakaninsa da kod, shafin kuma ya bayyana cewa UTF-8 ne. Sunan mutum amana ce.

Wasu kan ce ƙa'idoji ɓata lokaci ne, abin da ya yi aiki shi ne daidai. An gwada wannan, an sha wuya. Tim Berners-Lee ya kafa W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, a 1994 don shafi ɗaya ya buɗu a kowace burauza, amma da Internet Explorer 6 ya fito a 2001 ya mamaye kasuwa, sai mutane suka riƙa rubuta shafi dominsa kaɗai. Koriya ta Kudu ta fi kowa jin jiki. Daga 1999 harkar banki da sayayya ta intanet a ƙasar ta rataya a kan takardar shaida ta lantarki da ke buƙatar ActiveX, fasahar da sai a Internet Explorer a kan Windows take aiki. Sai a 2020 aka soke dokar da ta fifita wannan shaidar. Shekara kusan ashirin ƙasa guda tana ɗaure da burauza ɗaya, wadda Microsoft da kansa ya daina kula da ita a watan Yunin 2022. Kamfanin ma ya sauya hanya tun 2016, lokacin da ya fitar da .NET Core, kayan gina manhaja mai aiki a Linux da macOS.

Ɗaurin da ya fi tsorata ni a yau na kamfanonin da ke ba da komai a shirye ne. Facebook ya sayi Parse, mai ba manhajojin waya sabar da rumbun bayanai a shirye, a 2013, dubban manhajoji suka jingina da shi, a Janairun 2016 aka sanar za a rufe, a Janairun 2017 aka rufe. Sun ma yi adalci, sun ba da shekara guda sun kuma saki kod ɗin sabar ga kowa. Heroku, mai ba da masaukin manhajoji, ya janye tsarinsa na kyauta a Nuwamban 2022. Mu a nan ga ƙarin namu: dala ta tashi, ko banki ya dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, kamar yadda bankuna da dama suka yi a 2022. Wanda kod ɗinsa ke iya ƙaura ya kwashe kayansa ya koma inda zai iya biya. Wanda ya cusa kiran kamfani ɗaya a kowane fayil sai ya sake gini daga tushe, da kuɗin da mai aikin ba shi da su.

Ban ce ku guji irin waɗannan kamfanoni, kamar Firebase ko AWS, ba. Suna rage wahala ƙwarai, kuma mai ƙaramin aiki da ke son fita kasuwa da wuri yana da hujja. Amma ɗan haya ba ya zuba kankare a gidan da ba nasa ba. Duk abin da ya shafi kamfani ɗaya, ko adana hotuna ne, ko tura saƙon waya, ko karɓar kuɗi, ku tattara shi wuri guda, sauran kod ɗin ya riƙa kiran wannan wurin. Ranar sauyi fayil ɗaya ko biyu za a taɓa. Mai PHP ya yi amfani da PDO, hanyar haɗi da ke aiki da rumbunan bayanai iri-iri. Waɗanda suka manne wa tsofaffin umarnin mysql sun ga abin da ya faru da PHP 7 ya cire su a 2015. Kalmar sirri da adireshin rumbun bayanai su zauna a fayil ɗin saiti, kada su shiga cikin kod.

Kuma kafin ka miƙa aiki, ka gwada shi a kan Linux, ko da ta Docker ne ko WSL, masu ba ka damar kunna Linux a kwamfutarka. Ka rubuta sigar yaren da ka yi amfani da ita da matakan ɗora aikin a sabuwar sabar, sannan ka ba wani abokinka takardar ya bi ba tare da ya kira ka ba. Duk inda ya tsaya, ka gyara. Ka tabbata sunan shafin da asusun masaukin suna hannun mai aikin, da imel ɗinsa aka buɗe su, ka kuma nuna masa yadda zai sauke kwafin bayanansa kowane mako.